Yari Ya Sayi Zafi a Makka

A bayan shagon wankin Hajiya Batulu aka ƙulla cinikin, a wani lungu na unguwar Tandabawi da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Bayan la'asar ne, sanyi ya fara leƙowa. Batulu tana zaune a kujerarta ta roba inda take hutawa kullum, daidai ƙarƙashin gindin mukayyif ɗin ɗakin Yari, wato injin sanyaya ɗaki, wanda ya ɓullo ta bango. Zaman wurin bai taɓa damun ta ba, don Yari ba ya kunna shi sai ranar Idi, shi ma don baƙi su ji ƙararsa su san akwai.

Yari ya zo da doguwar gaisuwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi gwiwarta mai ciwo, ya tambayi mutanen Damagaram da ita kanta ta manta rabonta da su. Ita kuwa ta san Bakano ba ya tambayar gwiwar mutum a banza, sai ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi kafin a kira magariba.

Sai ya ɗaga kai ya nuna sama. Injunan busar da kaya na shagon suna da wani ƙaton bututun gwangwani da ya fito ta saman ƙofar baya, yana hura iska mai zafi cikin lungun haɗe da ɓurɓushin auduga. Duk wanda ya bi ta nan sai ya fita da furfura ko da bai kai shekarunta ba.

"Wannan iskar nake so ki sayar mini, Hajiya."

Batulu ta dube shi daga hula har silifa. "Zafi za ka saya a Makka, Bakano? Fita bakin titi ka tsaya, kyauta ake rabawa."

Ya ce ba don kansa ba ne, don awakinsa ne. Bango ɗaya ne ya raba shagonta da hoshin da yake kiwo a ciki, ɗan fili mai rumfar kwano kusa da ɗakinsa. A karkatar da bututun kawai, a huda bango, iskar ta faɗa rumfar awaki maimakon ta riƙa fesa wa masu wucewa. Shi kuma kowace safiya zai kawo mata ƙwaryar madarar akuya ta dama fura.

Batulu ta yi ta ja. Ta ce marigayi mijinta ne ya kafa bututun nan da hannunsa, ganinsa yana tuna mata da shi. Ta ce ta saba da ƙararsa. Yari ya ƙara girman ƙwaryar, ta ce a'a, ya sake ƙarawa, ta yi ajiyar zuciya ta ce don maƙwabtaka kawai. Amma da sharaɗi: kada ya kuskura ya toshe bakin bututun ko da rana ɗaya, don idan iskar ta rasa mafita injinta ne zai ƙone. Yari ya yi dariya, ya ce mahaukaci ne shi da zai sayi abu ya toshe? Shi ma yana da nasa sharaɗin: muddin injin yana juyawa, ba za ta karkatar da iskar ko'ina ba, ko wa ya zo ya taya.

Ana cikin haka sai ga Malam Aminullahi, wani magidanci ɗan Gusau da ke karatun fiƙihu a jami'a, ya zo karɓar jallabiyarsa. Suka tsayar da shi shaida. Ya saurari sharuɗɗan, ya ce a duk babin ciniki da ya karanta bai ci karo da mai sayen iska ba, amma tunda sun yarda, ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha. Yari ya koma ɗaki yana cije leɓe kada dariya ta kufce masa, ya ɗauka ya yi wa Badamagara wayo. Bai waiwayo ba, da ya ga ita ma leɓenta take cijewa.

Wanda bai zauna Makka ba zai ce ƙarya ne, wane irin sanyi? To akwai shi. Ba ya daɗewa, amma idan iska ta gangaro daga duwatsun Ɗa'ifa ta haɗu da yayyafi, sai ka ga ƙaton da ya yi wata tara yana zagin rana ya naɗe kansa da bargo kamar mai jego. Manyan awaki ba ruwansu. Jarirai ne ba sa ɗauka. Bara Yari ya yi asarar duk 'yan awakin da aka haifa masa a tsakiyar sanyi, tari ya kama su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa fitar da su a buhu.

Kuma awakin nan ba awaki ba ne kawai a wurinsa. Yari ya shigo ƙasar nan tun yana da baƙin gashi, ta Sudan, a bayan motar albasa. Babu aikin da bai taɓa ba. Ya ɗauki tsofaffi a kafaɗa ya yi ɗawafi da su tun kafin keken turawa ya yi yawa, ya yi fawa a Mina, ya yi dakon zamzam, ya sayar da agogon da ke aiki har sai jirgin mai saye ya tashi. Da ƙarfi ya ƙare, matarsa ta rasu, sai ya tattara ya sayi awaki. Su ne dalilinsa na tashi da asuba, su ne kuma dalilin da yake bai wa ɗansa Hafizu duk lokacin da ya zo da maganar ƙaura.

Hafizu haifaffen Makka ne, Hausarsa sai ta dafa Larabci take miƙewa. Yana gyaran waya, yana da shigga, wato sashe a gidan bene, a unguwar Zahir, hawa na huɗu, ya ware wa uban ɗaki da gado da talabijin. Yari ya taɓa kwana can sau ɗaya. Matar Hafizu, Kausar, yarinya ce mai ladabi, amma ta ajiye masa wani ɗan kwano na musamman don tofar da goro, jikokin kuma suka kewaye shi suna kallo kamar an kawo raƙumi falo. Taga ba ta buɗuwa. Bayan gida na zama ne. Ya ce shi wannan ba gida ba ne, akwatin ajiye tsoho ne. Amma bayan asarar bara Hafizu ya tsare shi, ya ce, "Abuya, idan suka sake mutuwa, kalas, shi ke nan, ka taho wurinmu." Yari kuwa, cikin zafin rai da mutane a wurin, ya ce ya yarda, idan akuya ɗaya ta sake mutuwa a hannunsa zai tattara tabarmarsa ya bi shi. Ga shi babbar akuyarsa, Ɗaso, ciki ya tsufa, haihuwa za ta faɗo daidai tsakiyar ɗari. Abin da ya kai shi sayen iska ke nan.

Wani maƙeri ɗan Bangladash ya zo ya huda bango ya lanƙwasa bututun. Ranar farko da injin ya tashi, awakin suka firgita suka taru a kusurwa. Kafin sati ya zagayo sai ka ga sun jeru a ƙarƙashin bakin bututun sun miƙe ƙafafu suna tuƙa, ido a lumshe, kamar alhazan da suka biya kuɗin otal mai tsada. Ɓurɓushin auduga yana sauka a bayansu, su juya su lashe. Ɗaso ta haifi 'yan uku ranar da aka yi ruwa da iska, duka suka miƙe, ko atishawa babu wanda ya yi.

Yari ya zama abin kallo a unguwa. Tsofaffin da ke zaman majalisa a bakin masallaci suka dawo da butar shayinsu rumfar awaki, wai sun zo duba jarirai. Shi kuma yana tsakiya yana ba da lacca. Ya ce Larabawa suna da fetur amma ba su san zafi dukiya ba ne. Ya ce kowane shagon wanki da kowane gidan burodi a garin nan yana zubar da arziki a lungu, sai da Bakano ya zo. Ya ce da ya yi boko da yanzu hotonsa yana jarida. Kowace safiya kuma yakan kai wa Batulu ƙwaryarta da kansa, ya tsaya sai ta ɗanɗana, ya tambaye ta ko tana kewar bututun marigayi.

Akwai bunsuru ɗaya a garken, Ɗan'auta. An raɗa masa sunan ne tun yana ƙarami, ya girma ya zama ƙato mai gemu har ƙirji, sunan bai sake shi ba. Bunsuru kuwa idan lokacinsa ya zo, kowa ya san irin turaren da yake shafa wa gemunsa da kuma inda yake samo shi. Ɗan'auta ya kori kowa daga bakin bututun ya mai da wurin fadarsa, yakan ma tura kansa ciki har wuya ya tsaya yana tunanin duniya.

Abin da maƙeri bai faɗa ba, Yari ma bai tambaya ba, shi ne bututu ba shi da alƙibla. Idan inji yana aiki iska ta fito. Idan ya tsaya, ta koma. Ranar Juma'a ba a buɗe shagon sai an sauko daga masallaci, ma'aikatan kuma ranar Alhamis suka bar kaya cike a cikin injunan don su kwashe washegari. Kayan nan haramai ne, fararen tawul na wani otal da ke sauke masu Umara. Suka kwana suka yini suna shaƙar Ɗan'auta.

Da jallabiya ce ko zanen gado, da sauƙi, a fesa turare a turara da itacen ƙamshi, magana ta wuce. Harami kuwa ba a sa masa ƙamshi, ko sabulun wankinsa Batulu daban take saya, marar ƙamshi. Ma'aikatan suka sake wankewa, warin ya ce yana nan. Suka ninke suka kai haka nan suna fatan hancin baƙi a toshe yake da murar tafiya. Washegari kafin la'asar motar otal ta dawo da kayan gaba ɗaya, sai guda biyu da wani bawan Allah ya riga ya ɗaura ya tafi. An ce shi dai bai yi ƙorafi ba. Ya ce tunda yake zuwa Umara bai taɓa samun fili a ɗawafi irin na ranar ba, duk inda ya nufa sai mutane su dare.

Batulu ta zagayo hoshin da tawul a hannu, ta same su ana shan shayi, har da Malam Aminullahi. Ba ta yi sallama ba, ta cusa wa Yari tawul ɗin a hanci ta tambaye shi ko ya gane mai shi. Yari ya shinshina cikin natsuwa ya ce ai wannan sa hannun Ɗan'auta ne, ba mai iya kwaikwayo. Wani tsoho ya tambayi Malam ko wanda ya ɗaura irin wannan harami fidiya ta hau kansa. Malam ya karɓa ya kai hanci, ya yi saurin mayarwa, ya ce abin da aka hana mai harami shi ne ƙamshi, wannan kuwa ko maƙiyin Ɗan'auta ba zai kira shi ƙamshi ba. Umara ta yi, sai dai a ji tausayin na kusa da shi.

Aka yi dariya, Batulu ba ta yi ba. Ta ce ciniki ya tashi, yau za ta kira maƙeri ya mayar da bututun inda yake, ya riƙe madararsa. Ko da gaske take ko gwada shi take, Allah ne masani. Yari dai ya san sanyi bai gama ba, 'yan ukun Ɗaso ko kunnuwansu ba su gama tsayawa ba. Ya miƙe ya gyara hula ya ce Fatiha aka shafa, ga shaida a zaune, mutanen Damagaram su koyi riƙon alƙawari. Ya ce gyara abu ne mai sauƙi, a yanko murfin gwangwanin man shanu a rataya a bakin bututun, iska ta tura shi ta fito, idan ta tsaya ya rufe kansa. Ɗan'auta kuma a ɗaure shi can nesa.

Batulu ta sunkuyar da kai kamar wadda aka ci da yaƙi. Can ta ɗago.

"To na ji. Amma ka faɗa a gaban Malam da mutanen nan, don kada gobe ka zo mini da wata. Ba janyewa, ni da kai. Ɗari da bazara."

"Ɗari da bazara, rani da damina, har ranar da injinki zai mutu," in ji Yari, yana kallon majalisa ɗaya bayan ɗaya don kowa ya ga yadda ake kama Badamagara.

Kada a ce tsohon ba shi da lissafi. Ya yi nasa. Shekara da shekaru yana ganin ma'aikatan Batulu, da zarar zafi ya kama, suna kashe injunan busarwa su hau da kaya saman bene, inda rana ke busar da jallabiya kafin ka gama shanya ta biyu. A tunaninsa bututun zai yi barci duk bazara, ya farka lokacin da ake bukatarsa. Abin da bai sani ba, mai ginin ya riga ya yi magana da magina za su ɗora ɗakunan haya a saman benen, kuma Batulu ta san da haka tun kafin a shafa Fatihar farko.

Sanyi ya wuce lafiya, babu akuyar da ta mutu. Hafizu ya zo ya ƙirga su da ido, ya koma da ɗakinsa na Zahir babu kowa a ciki. Yari ya raka shi har bakin mota yana ce masa ya sa haya a ɗakin kada ya lalace.

Daga nan rana ta fara aikinta. Magina suka hau saman benen Batulu da bulo da siminti, igiyoyin shanya suka sauko. Yari ya jira injin ya yi shiru, bai yi ba. Azumi kuma a waɗancan shekarun tsakiyar bazara yake faɗowa, garin ya cika maƙil da masu Umara, kowane otal yana aiko da tawul mota-mota. Injunan da a da suke hutawa da azahar suka daina hutawa. Sama kwano ya ɗauki rana, gefe bututu yana huri, rumfar ta koma tanderun burodi. Majalisar shayi ta watse tun tuni. Awakin suka manne a bangon da ya fi nisa, baki a buɗe, harshe a waje, ciki yana bugawa kamar zugazugi. Ɗan'auta kansa ya daina kula mata, ya kwanta ya ɗora gemu a ƙasa.

Yari ya jiƙa buhuna ya rataya, kafin ya juya sun bushe ƙayau. Ya yayyafa ruwa a ƙasa, wurin ya koma ɗakin turara. Nonon Ɗaso ya ƙafe. Ga alƙawarin ƙwarya kowace safiya, wadda da azumi ta koma ta buɗa-baki. Sai ya riƙa zagayawa kanti ya sayo madarar kwali ya juye a ƙwarya ya ɗan ɗumama ta a bakin bututun. Batulu ta karɓa ta kurɓa bayan an sha ruwa, washegari ta ce masa ikon Allah, Ɗaso ta fara ba da madarar saniya.

Wata rana bayan azahar ya haɗu da mai ginin, wani tsohon Balarabe mai sanda, a ƙofar masallaci. Mutumin ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana sa masa albarka. Ya ce shi bai taɓa ganin maƙwabci irinsa ba. Mutanen lungu sun dame shi da ƙara a kan bututun nan, har ya ba Hajiya wa'adi, ko ta ɗauke shi daga lungu ko ta bar masa shagonsa, kuma hanya ɗaya da ta rage ita ce a ja shi har ƙolin gini, aikin da zai cinye ribar shekara. Sai ga Yari ya karɓa mata. Ya tambaye shi nawa take biyansa.

Yari ya ce suna da fahimta tsakaninsu. Ya tafi yana jin ƙwaryoyin madarar nan ɗaya bayan ɗaya suna sauka a ƙeyarsa.

Ya fara zuwa wurin Malam Aminullahi ko littafi yana da ƙofar baya. Malam ya ce ya duba masa da zuciya ɗaya, amma shi da bakinsa ya ce ɗari da bazara, har ya ƙara rani da damina da babu wanda ya tambaye shi. Mafita ɗaya ce, ita ta yafe. Toshewa kuma kada ya fara, inji zai ƙone, ya shiga haƙƙi ga azumi a baki. Yari ya je wurin Batulu da murya ƙasa-ƙasa, ya kira ta 'yar uwa, ya ce dabbobi ne marasa baki. Ta ce wallahi tana tausayinsu, amma idan bututun ya koma lungu ita ce za ta koma titi. Ta tuna masa ranar da ta nemi a warware ya tara mata mutane.

Ranar Juma'a Hafizu ya zo da kankana. Ya leƙa rumfar ya ja da baya yana goge fuska. Ya ce sanyi bai kashe su ba, zafi zai kashe, ya fara haɗa kaya. Yari ya ce alƙawarinsu a kan mutuwar sanyi ne. Hafizu ya ce shi bai ji an ambaci sanyi ba, akuya ɗaya aka ce, mutuwa kuwa mutuwa ce. Yana da gaskiya, Yari ma ya sani.

Bayan kwana kaɗan, rana tsaka, Ɗaso ta tashi za ta je wurin ruwa, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, ta kife. Idonta ya juye. Yari ya tsaya a kanta, a cikin idon nan yana hango hawa na huɗu da ɗan kwanon tofar da goro. Bai san inda ƙarfin dakon zamzam ya dawo masa ba. Ya sungume ta ya yi ɗakinsa da ita, ya shimfiɗa ta a kan tabarmarsa, ya miƙa hannu ya murɗa mukayyif ɗin da rabonsa da aiki tun Idin bara. Injin ya yi tari, ya tofar da ƙura, ya kama. Ya jiƙa rawani yana shafa mata a kunne da ciki. Kafin la'asar ta ɗaga kai ta kama gefen tabarmar ta fara ci.

'Yan ukunta suna kuka a waje, ya shigo da su. Sauran suka ga ƙofa a buɗe suka biyo. Ɗan'auta ya shigo ƙarshe, ya duba ɗakin, ya haye katifa ya kwanta daidai saitin iska.

Yari ya yi niyyar zama tare da su, ya kuma gwada. Suka cinye matashinsa, suka cinye igiyar wandonsa na Idi, suka fara katifar daga kusurwa. Ƙasan ɗakin ya koma abin da ƙasan garke yake komawa. A masallaci ya lura sahu yana buɗewa dama da hagunsa, abin da ya faru da mai Umaran nan ya dawo kansa, har liman ya yi nasiha a kan tsaftar tufafi yana kallon rufi. Rumfa ba ta kwantuwa, ɗaki ba ya kwantuwa. Wata yamma ya wanke jikinsa, ya naɗe tabarmar da ta rage, ya hau mota zuwa Zahir. Ya ce wa Kausar buɗa-baki kawai ya zo. Ta ce marhaba, ta ɗauko ɗan kwanon ta ajiye kusa da shi. Hafizu kuwa sai ya duƙufa a kan farantinsa.

Tun daga ranar, da safe Yari ya hau mota ya zo Tandabawi ya share ɗaki ya zuba harawa ya tatsi Ɗaso, wadda nononta ya dawo har ya fi na da, da yamma ya koma. Mukayyif kuwa ba a kashe shi, Hafizu ya ce wutar a wuyansa, da murna ma.

Inji mai sanyaya ɗaki, duk zafin da ya kwasa daga ciki ta gindinsa yake fitarwa. Gindin wannan kuwa an san inda yake. Wata rana bayan Sallah Batulu ta fito hutawa ta zauna a kujerarta, iska mai zafi ta sauko mata a ka, ɗauke da gaisuwar Ɗan'auta, ga ruwa yana ɗiga mata a kafaɗa. Ta ja kujerar gaba, rana. Ta ja baya, injunanta. Duk lungun nan ne kaɗai inuwa. Ta jira Yari ya zo da ƙwarya ta tare shi, ta ce ya juyar da injin nan ko ya kashe.

"Idan na kashe, awakina su mutu, Hajiya. Ke ma da kin rufe naki ai da ban kunna nawa ba."

"Ni nawa saya ka yi, Bakano."

"Shi ya sa ni nawa kyauta na ba ki. Ko madara ba na so."

Ta karɓi ƙwaryar ta ɗanɗana, ta ce aƙalla yau ta akuya ce. Ta koma ta zauna a ƙarƙashin hurin tana fifita da kwali, shi kuma ya wuce ya kama motar Zahir.

Idan aka zo rabon riba, awaki ne a gaba: ɗumi da sanyi, sanyi da zafi, ba su biya ko ƙwayar dawa ba, kuma ko ɗaya ba ta mutu ba. Ɗan'auta ya samu katifa. Batulu ta tsira da shagonta da madararta, ta rasa inuwarta. Hafizu ya samu ubansa ba tare da an fitar da akuya a buhu ba. Yari kuwa har yau cewa yake shi ya ci, tunda alƙawari akuya ta mutu ne kuma ba ta mutu ba, zaman Zahir baƙunta ce kawai, da zarar sanyi ya shigo zai koma ɗakinsa. Sanyi ya shigo ya fita sau biyu, awakin sun ƙi barin ɗakin sai dai su leƙa rumfa su sha ɗumi su dawo. Shi ne ya saye zafi da madara, ya ba da ɗakinsa gyara, yana hawa na huɗu yana tofar da goro a kwano.